Sayen Babbar Mota A Lokacin Da Kamfanonin Motoci Ke Durƙushewa

Abin da nake so in yi ɗan bayani a kansa cikin wannan fitowa ta mujallarmu shi ne sayen babbar mota ta ɗaukar kaya, musamman a lokacin da kamfanin da ya ƙera ta yake fama da rashin kuɗi, ko kuwa wakilinsa mai sayarwa yake shirin rufe shago. Na san wani zai ce, ina ruwan yaro ɗan shekara 16, wanda ko keke bai mallaka ba, da cinikin gingimari? To, amsar ba ta da nisa. Mu mutanen ƙasar Yauri babbar mota ita ce ƙafar arzikinmu, kuma da yawa daga cikinmu da ke kwana a ɗakunan wannan makaranta, kuɗin sabulunmu da na littattafanmu a bayan babbar mota suke zuwa kudu su dawo.

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, ruwa ya cinye tsibirai da garuruwa masu yawa, aka sake wa Gungawa da sauran jama'a matsuguni a bakin tafki. Daga wannan tafki da gaɓarsa muke samun kifi da albasa da shinkafa. Jiragen ruwa ne ke kawo kayan daga ƙauyuka zuwa Yelwa da Wara, amma daga nan jirgi ya gama nasa aiki. Jirgin ƙasa kuwa bai zo mana ba. Saboda haka duk buhun albasa da kwandon bandar kifin da za a kai Legas sai ya hau mota, ya bi ta Kontagora da Mokwa, ya haye gadar Jebba, ya ratsa Ilori da Badun. Albasa kuwa ba ta da haƙuri. Hatsi yana jira, albasa ba ta jira.

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana shi ne, mahaifina da abokan nomansa huɗu sun shekara biyu suna zuba adashi don su sayi mota tasu ta kansu, su huta da biyan haya. Da labari ya bazu sai ga dillalai, kowa da tasa. Wani ya ce ga kamfani can zai rufe, ya karya farashi, a yi maza. Wani ya ce a guji wannan, a zo ga nasa. Wannan ya sa na shiga laburare, na kuma tambayi malaminmu na tattalin arziki, sa'an nan da hutu na riƙa zama a garejin kanikawa ina sauraro. Abin da na tattaro a taƙaice shi ne: ba lafiyar kamfani ya kamata mai saye ya fi tambaya ba, domin babu kamfanin da ya fi ƙarfin faɗuwa. Abin tambaya shi ne, in kamfanin ya mutu gobe, motar za ta iya rayuwa ba tare da shi ba?

Abin Da Mutum Ke Saya In Ya Sayi Mota

Wanda ya ƙirga kuɗi ya karɓi makulli yakan ɗauka abu ɗaya ya saya, alhali kuwa abu huɗu ne. Na farko shi ne ƙarfen da ido ke gani, watau kai da injin da shasi da tayoyi. Na biyu shi ne kayan gyara, domin ba a taɓa yin motar da ba ta cin kuloci da birki da sifirin ba, balle a kan hanyoyinmu. Na uku shi ne hannun da ya san cikinta, watau bakanike. Na huɗu shi ne garanti, alkawarin da ake rubuta wa mai sabuwar mota cewa in wani abu ya lalace cikin wa'adi za a gyara masa kyauta.

To, cikin huɗun nan na farko kaɗai mutum ke tafiya da shi gida ranar ciniki. Sauran ukun suna hannun wasu mutane. In kamfani ya faɗi, garanti ne ke fara mutuwa. Kayan gyara da kanikawa kuwa, ya danganta ga yawan irin motar a ƙasa. In tana da yawa, 'yan kasuwa za su ci gaba da shigo da kayanta don akwai riba, wasu masana'antu su riƙa ƙera makamantansu, waɗanda suka tsufa kuma a yanka su a sayar da sassansu. Irin wannan ita nake kira mota mai dangi. Wadda ba ta da yawa kuwa, ranar da wakilinta ya rufe ƙofa ta zama marainiya.

Abin Da Ya Faru Da Kamfanonin Ƙasarmu

Ba sai mun je nesa neman misali ba. A wajen 1959 aka fara haɗa manyan motocin Bedford a Apapa ta Legas, ƙarƙashin kamfanin UAC. Da kuɗin man fetur ya samu a shekarun 1970, gwamnatin tarayya ta haɗa gwiwa da kamfanonin Turai aka kafa masana'antu shida. Biyu na ƙananan motoci ne, watau Peugeot a Kaduna da Volkswagen a Legas, dukkansu sun fara aiki a 1975. Huɗu kuma na manyan motoci ne: Leyland ta Ingila a Badun, Steyr ta ƙasar Ostiriya a Bauchi, Fiat ta Italiya a Kano ƙarƙashin sunan NTM, da kuma ANAMMCO a Inugu mai haɗa motocin Mercedes-Benz na Jamus, wadda Shugaba Shehu Shagari ya buɗe a 1980. Dattawa sun ce a wancan zamani mutum kan shiga shagon wakilin kamfani a babban gari ya zaɓi sabuwar mota fil, da ledarta a kujera.

Amma akwai wani rauni da ke ɓoye. Waɗannan masana'antu haɗawa suke yi, ba ƙerawa ba. Injin da giya da yawancin sassa a cikin akwatuna suke zuwa daga Turai, kuma da kuɗin waje ake biyansu. Da farashin man fetur ya faɗi bayan 1981, sai kuɗin waje ya yi ƙaranci. A watan Afrilu na 1982 gwamnati ta kafa dokar tsuke bakin aljihu, shigo da kaya ya koma sai da lasin, lasin kuwa ya yi wuyar samu. Masana'anta sai ta yi wata da watanni ma'aikata na zaune, akwatuna ba su iso ba. Sa'an nan a 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo shirin SAP, aka karya darajar naira. Nairar da ta fi dala ƙarfi a 1980 sai ga shi kafin ƙarshen 1986 ana ba da naira uku zuwa huɗu a karɓi dala ɗaya. Farashin sabuwar mota ya ninka ya sake ninkawa, ya fi ƙarfin talaka, gwamnati ma da ke sayen da yawa ta rage. Jama'a suka koma ga motocin gwanjo na Turai, waɗanda ake kira tokumbo ko 'yan Kwatano.

Haka masana'antun nan suka yi ta ramewa, wasu suka tsaya cik, wakilansu na garuruwa suka rufe ko suka canja sana'a. A shekarun 2000, zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo, gwamnati ta sayar da hannun jarinta ga 'yan kasuwa. Duk da haka wahala ba ta ƙare ba, domin a 2012 hukumar AMCON, mai karɓar basussukan da suka gagari bankuna, ta karɓe kamfanin Peugeot na Kaduna saboda bashi. Daɗin daɗawa, dokar haraji ba ta zama wuri ɗaya. Tsarin da aka fito da shi a 2013 ya ɗora harajin 35 cikin 100 a kan babbar motar da aka shigo da ita a haɗe, don a kare masu haɗawa a gida, amma Dokar Kuɗi ta 2020 ta sauke shi zuwa 10 cikin 100. A watan Yuni na 2023 kuma aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, har dala ta haura naira 1,500 a 2024. Duk wanda ke sayar da mota da kayan gyara da aka sayo da dala ya ji a jikinsa.

Yadda Ta Kasance A Ƙasashen Waje

Kada mu ɗauka a ƙasarmu kaɗai kamfanoni ke faɗuwa. Iyayen gijin nasu ma sun faɗi a can gida, kuma labarinsu yana da darasi.

Kamfanin General Motors na Amurka, mai Bedford, ya daina ƙera manyan motocin Bedford a Ingila a 1986. Wani kamfani mai suna AWD ya sayi masana'antar a 1987, shi ma ya durƙushe a 1992. Amma tsofaffin Bedford sun ci gaba da aiki shekara da shekaru a ƙasashe irin su Nijeriya da Sudan da Pakistan, domin suna da yawa, injinsu kuma ba shi da wuyar sha'ani. Haka kuma Marsandi 911 mai guntun hanci, an daɗe da daina ƙera ta a Jamus, amma har yanzu muna ganinta da bodin katako tana jan kaya, don kusan duk bakaniken manyan motoci a kanta ya koyi aiki. Da tsohuwar zuma ake magani.

Leyland kuwa, sashenta na manyan motoci ya haɗe da DAF ta ƙasar Holan a 1987. A watan Fabrairu na 1993 DAF ɗin kanta ta karye. Wanda ya ji wannan labari a lokacin zai ce ta DAF ta ƙare. Amma aka sake kafa ta, wani kamfanin Amurka mai suna PACCAR ya saye ta a 1996, ya haɗa da Leyland a 1998. Ga shi yau in ka tsaya a bakin titin Yelwa ba za ka daɗe ba sai DAF ta wuce.

Labarin Steyr shi ya fi ba ni mamaki. A 1983 kamfanin ya sayar wa ƙasar Sin fasahar ƙera manyan motocinsa. A wajen 1990 ya sayar da sashen manyan motocin nasa ga kamfanin MAN na Jamus, sannu a hankali sunan ya ɓace daga kan titi. Amma mutanen Sin suka riƙe wannan fasaha suka yi ta gina ta, har kamfanin Sinotruk ya fito da motar Howo a 2004. Watau Howo ɗin da ta cika hanyoyinmu, wadda kamfanin Dangote ya haɗa gwiwa da Sinotruk suka kafa wurin haɗa ta a Ikeja, jikanyar Steyr ce, irin wadda aka taɓa haɗawa a Bauchi. Mu muka tsaya ga buɗe akwati, su suka koyi ƙera abin da ke cikin akwatin.

Misali na ƙarshe shi ne na Amurka a 2009, lokacin da tattalin arzikin duniya ya girgiza. Kamfanin Chrysler ya shiga kotun masu karayar arziki ran 30 ga Afrilu, General Motors ya bi shi ran 1 ga Yuni. Chrysler ya soke wakilcin shaguna 789, aka ba su 'yan makonni kaɗan, suka yi ta karyar da motocin da ke hannunsu. General Motors ma ya rubuta wa wajen shaguna 1,100 cewa ba zai sabunta yarjejeniya da su ba. Mutane suka ji tsoron saye, har sai da gwamnatin Shugaba Barack Obama ta ɗauki alkawarin cewa ita za ta tsaya wa garantin sababbin motocin kamfanonin biyu. Abin lura a nan shi ne, su can sun sami gwamnatin da ta tsaya musu. Manomin albasa a Ngaski ko Shanga kuwa kada ya sa ran haka. Shi ne zai tsaya wa kansa tun kafin ya biya.

Daga waɗannan labarai mun ga cewa faɗuwar kamfani ba ita ce mutuwar mota ba, haka kuma girman sunansa ba shi ne lafiyarta ba. Yawan dangi ne ke raba gardama.

Abin Da Ya Sami Kawuna

Ga misalin marainiyar mota daga gidanmu. Wasu shekaru da suka wuce kawuna, yayan mahaifiyata, ya sayar da shanunsa ya haɗa da ribar albasa ya tafi wani babban gari sayen mota. Can ya tarar da wani shago ana karyar da sababbin motoci, don kamfanin da ke ƙera su a waje ya janye daga ƙasar nan. Irin motar ba a san ta ba a wajenmu, amma sabuwa ce, fentinta na ƙyalli, an kuma rage kuɗi mai yawa, ga takardar garanti ta shekara guda. Da ya iso da ita Yelwa har mutane suka riƙa zuwa kallo.

Wata shida tana aiki lafiya. A cikin na bakwai, tsakiyar kakar albasa, famfon manta ya lalace gaba da Mokwa kaɗan, tana ɗauke da cikakken lodi. Bakaniken da aka kira ya buɗe ya duba, ya ce shi bai taɓa ganin irin wannan famfo ba. Aka buga wayar shagon, a kashe. Aka aika mutum, ya tarar wurin ya koma ɗakin ajiyar shinkafa. Aka nema a Ƙofar Ruwa ta Kano, aka nema a Panteka ta Kaduna, aka nema a Ladipo ta Legas, babu. Sai a rana ta huɗu aka sami wata mota aka juye kayan, aka biya haya, alhali don gudun haya aka sayi motar. Kafin a isa kasuwa albasa da yawa ta ruɓe, kuma ba tasa ba ce shi kaɗai, akwai ta maƙwabta da suka ba shi amana. Famfon kuwa sai da aka yi odarsa daga waje, ya yi wata uku kafin ya iso, lokacin kaka ta wuce. Daga baya da ya so sayar da motar, duk wanda ya zo sai ya tambayi inda ake samun kayanta, ya juya. A ƙarshe da hasara mai yawa ya rabu da ita.

Da hutun da ya wuce na tambaye shi, na ce, "Kawu, ashe motar ba ta da kyau ne?" Sai ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, motar ba ta da laifi, ta ma fi wasu ƙarfi. Ni ne na duba amarya ban tambayi danginta ba."

Ɗan Lissafi

Bari mu sa abin a allo yadda malamin lissafi ke yi mana. Alƙaluman nan na misali ne kawai. A ce ga mota biyu. Ta farko mai dangi ce, kuɗinta naira 30,000,000. Ta biyu marainiya ce, an rage mata naira 4,000,000 don shago zai rufe. A ce kuma kowace tafiya Legas tana barin ribar naira 500,000 bayan an cire kuɗin mai da na direba da yaron mota da na hanya, ana kuwa yin tafiya uku a wata. Ribar wata guda ke nan naira 1,500,000. In ta farko ta lalace, a sami kayanta a Kontagora ko a aiko daga Kano cikin kwana biyu, tafiya ɗaya ma ba lalle ta rasa ba. In ta biyu ta kwanta wata uku tana jiran kaya, an yi hasarar naira 4,500,000. Ka ga ragin da aka yi murna da shi ya tafi har da ƙari a lalacewa ɗaya tak, ba a ma sa kuɗin albasar da ta ruɓe ba, ba a kuma sa faɗuwar darajar motar ranar sayarwa ba. Gaskiyar Hausawa da suka ce araha ba ta ado.

Shawarwari Ga Mai Niyyar Saye

Na sani abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Saboda haka waɗannan shawarwari ba nawa ba ne, na tsinto su ne daga bakin kanikawa da tsofaffin direbobi da malamai, na jera su.

Na farko, a fara da shagon kayan gyara kafin a je filin sayar da mota. A rubuta abubuwa biyar da suka fi lalacewa, watau famfon mai, kuloci, birki, sifirin da lagireto. A tambayi masu shago a Yelwa da Kontagora ko suna da su, nawa ne, in babu kuma kwana nawa za su yi kafin su iso. In mai shago ya fara sosa ƙeya yana tambayar yadda ake rubuta sunan motar, to an sami amsa.

Na biyu, a tafi da bakanike na gida wanda aka yarda da shi, ba wanda dillali ya kawo ba, domin dillali la'adarsa yake nema. A tambaye shi gaskiya ko ya taɓa buɗe irin wannan injin, ko akwai wasu a kan hanyar Legas da suka iya shi. Yawancin motocin zamani suna da wata na'ura da kanikawa ke kira ƙwaƙwalwar mota, wadda in ta rikice sai an jona kwamfuta kafin a gane ciwon. In a shagon wakili kaɗai ake da wannan kwamfuta, shagon kuwa yana shirin rufewa, to a yi tunani sau biyu.

Na uku, a karanta takardar garanti a ga wa ya ɗauki alkawarin, kamfanin da ya ƙera ne ko mai shago. A tambayi inda za a kai motar in wannan shago ya rufe, a je wurin a gani da ido. In babu wani wuri, to a ɗauki garantin kamar babu shi, a yi ciniki a kan haka. A nan mu 'yan makaranta muke da amfani, don da yawa daga iyayenmu ba su karanta Turanci, takardun kuwa da Turanci ake rubuta su, muhimmin sharaɗi kuma a cikin ƙananan baƙaƙe yake ɓuya.

Na huɗu, kada a ba da kuɗin kafin alƙalami a kan motar da ba ta iso ba, wai tana kan teku ko tana tashar jirgin ruwa. Ba a cinikin biri a sama, mu kuma 'yan bakin ruwa mun san ba a sayen kifi yana cikin tafki. In kamfani ya karye, bankunan da ke riƙe da jinginar kadarorinsa su ake fara biya, wanda ya ba da kafin alƙalami kuwa yana can ƙarshen layi, sau da yawa kafin a zo kansa tukunya ta ƙare. Har ila yau a bincika ko motocin da ke filin ba jingina suke a hannun banki ba, kada a saya yau gobe a zo da takardar kotu.

Na biyar, a kula da takardu. A ga takardar biyan kuɗin kwastan, a gwada lambar shasi da ta injin da ke jikin mota da waɗanda ke cikin takarda, baƙi da baƙi. A karɓi rasit da takardar canjin mallaka a gaban shaidu. A watan Janairu na 2017 gwamnati ta sa dokar hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, saboda haka motar da aka ce ta biyo ta daji ba ta da takarda, komai arhar ta, tana iya ƙarewa a harabar kwastan. Shagon da ya rufe kuwa ba wanda za ka koma wurinsa ya gyara maka takarda.

Na shida, kada a zuba duk abin da aka tara a kan kuɗin mota. A bar wani kaso na taya da inshora da baƙin mai da gyaran farko. In an riga an sayi mota wadda kayanta suka fara wuya, a sayi muhimman sassa a ajiye tun suna samuwa. In kuwa tarayya aka yi, kamar yadda mahaifina da abokansa ke shiri, a rubuta yarjejeniya: nawa kowa ya zuba, wa ke riƙe da balas, wa zai biya in ta lalace, yaya za a yi in ɗaya ya so fita. Mota ta sha raba aminai.

Na bakwai, kada tsoro ya hana cin halal. In shago zai rufe yana karyar da mota, amma motar mai dangi ce, kayanta na kasuwa, kanikawa sun san ta, takardunta cikakku, kuma tana nan a ƙasa za a ba da makulli a take, to wannan sa'a ce, a saya. Abin gudu shi ne arhar da ke rufe ido har a manta da tambaya.

Kammalawa

'Yan'uwana ɗalibai, akwai darasin da ya shafe mu kai tsaye. Masana'antun Kano da Bauchi da Badun sun sha wuya ne domin kusan komai daga waje yake zuwa, ranar da dala ta yi tsada sai aiki ya tsaya. Ƙasar da ta iya ƙera sassa da kanta ba ta da marainiyar mota. A Nnewi ta jihar Anambra 'yan kasuwar kayan gyara sun fara da sayarwa, daga baya wasunsu suka kafa masana'antun ƙera sassa. Saboda haka kada mu raina darasin ƙere-ƙere da zanen fasaha da lissafi, kada kuma mu raina bakanike don rigarsa ta yi baƙi da mai. Shi ne ke riƙe da motocin da kamfanoninsu suka mutu tun kafin a haife mu.

Ku kuma iyayenmu, roƙona shi ne duk wanda zai fitar da guminsa na shekaru ya sayi babbar mota, kafin ya tambayi kuɗinta ya tambayi danginta. Matambayi ba ya ɓata. Allah ya ba ku sa'ar ciniki, ya sa albarka a noma da su, ya kai direbobinmu gida lafiya, amin.